Lauyan Wa Ake Horarwa?

Tun daga shekarar 1999, lokacin da gwamnati ta ba jami'o'i masu zaman kansu na farko izini, watau Igbinedion da Babcock da Madonna, karatun lauya ya shiga kasuwa, ya kuwa karɓu. Attajiri ya gina jami'a, kafin fenti ya bushe sai ka ji yana neman izinin koyar da lauya, don ya san iyaye ba su ƙi biyan miliyoyi ba muddin ɗansu zai sa baƙar riga da hular gashi. Mu dai ba mu ga laifin uban da ya gudu da ɗansa can ba. Wanda ya ga yajin aikin malamai na wata takwas a 2022 ya cinye wa yaro shekara, in yana da hali me zai tsaya jira? Abin da muke tambaya, 'yan'uwa ɗalibai, shi ne me ake sayarwa a ajujuwan nan masu sanyi.

Ku dubi yadda sana'ar take. Ɗalibi zai yi shekara biyar a jami'a, sa'an nan ya wuce Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa da dokar 1962, ya ƙara shekara guda kafin a kira shi lauya. Majalisar da ke kula da ilmin lauya ita ke yanka wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da littattafanta. To, amma ga mai kasuwa kowane ɗalibi kuɗi ne, ƙayyade gurbi kuwa asara. A 2023 majalisar ta sanya wa Jami'ar Baze ta Abuja takunkumin daina ɗaukar ɗaliban lauya har shekara biyar, saboda ta zarce gurbi 50 da aka yanka mata. Wa ya kwana ciki? Yaran da suka gama karatu suka yi cirko-cirko suna jiran layi. Haba jama'a! A fara koya wa yaro doka ta hanyar karya doka a kansa?

Da can ba a kan haka aka ɗora harsashi ba. Makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci, alƙalai take fitarwa waɗanda za su zauna su saurari ƙarar manomi da makiyayi. Haka kuma da aka kawo dokar Final Kot ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, sai da aka riƙa kai alƙalai Zariya ana koya musu ita. Ko me za a ce game da manufar Turawa, waɗanda aka horar sun san wa zai zo gabansu, sun kuma ji harshensa.

Yanzu fa? Kimanin biyu cikin ukun mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce a shaida wa wanda ake tuhuma laifinsa da harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta. Amma ga ɗan Kano ko Katsina ya haddace dokar kamfani da ta man fetur, in ka ce ya yi wa tsohuwa bayanin beli ko rabon gado da Hausa sai baki ya mutu. Yaron da aka kashe wa dukiya mai yawa, dole idonsa ya koma kan manyan ofisoshin Ikko da Abuja inda zai mayar da uwar kuɗi. Kotun ƙauye, inda ake rigimar gona da saki da bashin buhun gero, ba ta cikin lissafinsa, ba a ma taɓa kai shi ya leƙa ba.

Za su ce ai manhajar ɗaya ce da ta jami'o'in gwamnati, jarrabawar ƙarshe ma ɗaya. Gaskiya ne, mu ma namu ba su tsira daga wannan ciwo ba. Sai dai su da suke karɓar kuɗi mai tsoka ba su da uzurin rashin abin aiki. In sun iya sa na'urar sanyaya ɗaki a kowane aji, sun iya ɗaukar lauyoyi biyu su riƙa fita da 'yan aji huɗu da biyar zuwa gidan yari da kotun majistare kowane mako, suna rubuta wa marasa gata takardar neman beli. Sun iya ware gurbi ga 'ya'yan talakawa masu ƙwazo. Waɗanda ke Arewa kuma, me ya hana su kafa darasin aikin lauya da Hausa, mu da ke sashen harsuna mu taya su tattara kalmomin daga bakin alƙalai da muftai da magatakardan kotu tun suna raye?