Ƙibar Yaro Ba Ita Ce Lafiya Ba

Maigida, da ke uwargida, ku saurara. In an ga yaro ya yi ɓul-ɓul, a kan ce gidansu akwai wadata. In yarinya siririya ce, sai a ce ba a ba ta abinci. Wannan zato ya cuci yara da yawa.

Lalle yunwa ba ta bar ƙauyukanmu ba, yaron da ke ramewa kuwa a kai shi asibiti. Amma ƙiba ma tana da tata ɓarna, don ita ke share wa ciwon sukari da hawan jini hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990, cikin yara 100 masu shekara 5 zuwa 19, guda 8 ne nauyinsu ya wuce kima. A 2022 sun kai 20. Lemon kwalba da alewa na cikin masu laifi. Ƙaramar kwalba guda tana da sukari wajen cokalin shayi 9.

Abin da ya fi ta da hankali shi ne ƙwayar nan da a ke kira sha-ka-fashe, wadda 'yan mata ke saye a kasuwa in biki ya matso. Wani lokaci ma uwa ce ke sayowa. Sau da yawa akwai maganin deksametason a ciki, wanda ba a sha sai likita ya rubuta. Kumburi ya ke sawa. Fuska ta cika, ciki ya fito, ƙafafu su tsumure, ƙashi ya yi rauni, jiki ya kasa yaƙi da cuta. In 'yarku ta daɗe tana sha, kada ta bari farat ɗaya, akwai haɗari. Ku kai ta ga likita ya riƙa rage mata kaɗan kaɗan.

Yaron da ya riga ya yi ƙiba kuwa, kada ku yi masa gori, kada ku hana shi tuwo. Gori kan sa yarinya ta ƙi abinci sam, ko ta ci ta je ta amayar a ɓoye. Wannan ba iyayi ba ne, ba kuma iskoki ba. Cuta ce, tana kisa. In kun ga tana gudun akushi, tana jiri, ko hailarta ta ɗauke, ku tafi asibiti.

Gida duka a gyara ci tare. A yawaita wake da zogale da miyar ganye, a rage soye-soye, a sha ruwa maimakon lemo. A bar yara, maza da mata, su yi wasan guje-guje kamar awa guda kullum.