Raddi Ga Mai Cewa Mdou Moctar Ya Bar Gida

Wani ɗan'uwa malamin makaranta daga Rano ya rubuta muƙala a kan Mdou Moctar, makaɗin jitar nan Ba'abzine na Jamhuriyar Nijar. Hukuncin da ya yanke shi ne wai mutumin da ƙungiyarsa sun yar da kiɗan kakanninsu sun rungumi rok na Turawa, don haka a cire su daga sahun makaɗan Sahara. Ya rufe da karin maganar nan, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Malam ya iya alƙalami, amma hujjojinsa huɗu ba su tsaya da ƙafafunsu ba. Ga su nan bi da bi.

Hujja ta farko, Malam ya ce asalin kiɗan Mdou shi ne jitar katako mai sanyin sauti, ƙara da gudu kuwa baƙi ne. Tarihi bai yarda ba. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da fiyano da gangar kwamfuta da na'urar nan mai lanƙwasa murya, irin wadda ta cika waƙoƙin finafinan Hausa a lokacin. Waƙoƙin sun bazu daga waya zuwa waya ta memori da bulutut, har Ba'amurken nan Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya tsinci ɗaya ya sa a wani kundi a 2011. In dai abin da mutum ya fara fitarwa shi ne asalinsa, to sai Malam ya kira Mdou ɗan nanaye, kuma na san ba zai yarda ba.

Hujja ta biyu, ya ce sunan wannan kiɗa na gaskiya shi ne "desert blues", duk abin da ya fita daga da'irarsa ya zama gurɓatacce. Malam, wa ya raɗa wannan suna? 'Yan jarida da dillalan faifai na Turai da Amurka ne, don mai saye ya san kantar da zai duba. Su masu abin suna ce masa assouf, wasu ma jita kawai suke cewa. Kuma ita kanta jitar ba gadon kaka ba ce a wurin Abzinawa. Ƙungiyar Tinariwen, wadda ta faro a ƙarshen shekarun 1970 a kudancin Aljeriya, ita ce ta ɗora waƙoƙinsu a kan jita har da mai lantarki, a lokacin da dattawa suka san molon tehardent da gogen imzad da gangar tende. Abin da Malam ke karewa yau da sunan gargajiya, jiya shi ne baƙon.

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi, don haka za mu daɗe a kanta. Ya ce kuɗin Amurka ne suka sauya sautin, tunda ƙungiyar ta shiga kamfanin Matador na New York, kuma mai kaɗa mata jitar bes, Mikey Coltun, Ba'amurke ne. Babu mai musun cewa kasuwa tana juya mawaƙi. Mun ga haka a Kano, inda 'yan siyasa da masu biki ke zaɓa wa mawaƙa kari. Sai dai lissafin shekaru ya ƙaryata Malam. Faifan Ilana, wanda a cikinsa ƙarar ta fito sosai, ya fita a 2019 ƙarƙashin Sahel Sounds, Afrique Victime na Matador kuwa sai 2021. Kafin duka biyun akwai bukukuwan aure na Agadas, inda ake tayar da janareta a fili, a ƙure lasifika har ta dinga kakari, mai ganga ya dinga ƙara gudu samari suna tayar da ƙura. Duk wanda ya halarci biki a Tarai ko Kibiya ya san makaɗin da ya yi sanyi a fili, 'yan rawa watsewa suke yi su bar shi. A irin wannan fage Mdou, bahagon makaɗi da ya fara koyo da jitar da ya harhaɗa da katako da wayar birkin keke, ya samo zafin hannunsa. Sannan Ahmoudou Madassane mai jita ta biyu da Souleymane Ibrahim mai ganga 'yan Nijar ne, kuma har yau da harshen Tamashek ake rera yawancin waƙoƙin, wasunsu a kan mulkin mallakar Faransa da wawushe arzikin ƙasa da tsoron ɓacewar harshen.

Hujja ta huɗu, wai ƙungiyar da ta sauya sauti ta rasa kanta. Amsar tana cikin faifai biyu. Funeral for Justice ya fita a 2024 da ƙara kamar aradu. Tears of Injustice ya biyo baya a 2025, waƙoƙin nan dai aka sake kaɗawa da jitar katako, an kuma ɗauke su ne lokacin da juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya rutsa da su a Amurka. Waƙa ɗaya, mutane ɗaya, sauti biyu. Wanne Malam zai kora, wanne zai bari?

Mu Hausawa ma bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Kalangu kiɗan mahauta ne da na 'yan mata a dandali, Mamman Shata ya ɗauke shi ya yi wa sarakuna da attajirai da direbobi waƙa da shi har ya rasu a 1999, ba wanda ya ce ya bar gida. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. An san su da murya da azanci da abin da suka faɗa, ba da sunan da mai shago ya liƙa wa kaset ɗinsu ba.

Malam yana da damar ya ce tsohon sautin ya fi masa daɗi. Wannan ra'ayi ne, ba a jayayya a kansa. Amma hukuncin cewa mutum ya ci amanar gadonsa sai da shaida, kuma shaidun da ya kawo, shekarunsu da wurarensu, duk sun tsaya ne a gefen wanda yake tuhuma. Allah ya sa mu dace.