Bashi Ba Tallafi Ba Ne

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta haramta nuna wa naƙasassu wariya. Dokar ta ba su ilmi kyauta har ƙarshen sakandare, ta kuma keɓe musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. To, da wace takarda za su cike guraben, alhali kyautar ta tsaya a bakin ƙofar jami'a?

Mu ɗauki gurgu, ɗan talaka daga Danchuwa, wanda ya sami gurbi a Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Potiskum. Kuɗin rajistarsa daidai yake da na kowa, amma ɗawainiyarsa ninki ce: ga gyaran keke, ga kuɗin abin hawa a inda 'yan'uwansa ke takawa da ƙafa. Makaho kuwa sai ya nemi na'urar rubutun makafi da mai karanta masa littafi.

Wasu za su ce ai ga asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024. Wannan bashi ne, kuma da mudu ɗaya yake auna wa mai lafiya da naƙasasshe.

Don haka muna kira ga hukumar ba da tallafin karatu ta Jihar Yobe da ta ware musu kaso tsayayye, kyauta ba rance ba, a riƙa biya tun farkon zango. Wanda muka hana wa alƙalami, ƙoƙon bara muka miƙa masa. In muka gan shi gobe a bakin kasuwar Potiskum, kada mu zargi kowa sai kanmu.