Sankarar Fata Da Saiwarta

Kowane manomi ya san halin tofa: a sare ta a bar saiwa, ruwan fari na sauka sai ta toho. Wata sankara mai kama fata da baki da maƙogwaro haka take. A 2007 masana a Jami'ar Mishigan ta Amurka suka ware ƙwayoyin irin wannan ƙari kashi biyu, suka dasa wa ɓeraye. Kashi guda, 'yan kaɗan ne cikinsu, su ne suka haifi sabon ƙari. Sauran kuwa ba su tsiro da kome ba. Masana na ganin waɗannan iyayen ƙwayoyi, masu jure magani, su ke komo da ciwon bayan likita ya yanke.

To, mu nan ina ruwanmu? Da ruwanmu ƙwarai. Tsohon gyambo da tabon ƙuna sukan rikiɗe su zama wannan sankara, rana kuma tana jawo wa zabiya ita tun da ƙuruciya. Ba mu ga dalilin tsai da yaro zabiya a rana wajen fareti ba. Malamai, ku bar shi da malafarsa da riga mai dogon hannu. Akawu kuwa, in kun ga mai gyambon da ya shekara bai warke ba, ku tura shi asibiti tun ƙarin bai kai ga kaluluwa ba.