Raddi ga Mai Cewa Hula da Rawani Suna Cinye Ƙoƙon Kai

Wani ɗan'uwa, malamin makaranta a nan Geza, yana yaɗa cewa hula da rawani suna rage kaurin ƙoƙon kai, rana kuma tana ƙara shi, wai ƙasusuwan mutanen dā sun tabbatar. Allah ya saka masa da son bincike, amma hujjojinsa ba sa tsayuwa.

Ya ce Hirodotus, marubucin tarihi na Girka, ya ziyarci filin yaƙin Felusiyum, inda Farisawa suka ci Masar a 525 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya tarar ƙoƙunan Farisawa masu hula tsakuwa ma tana huda su, na Misirawa masu aski ƙwal-kwabo kuwa da kyar dutse ke fasa su.

Muka ce: ya dai rubuta haka. Sai dai ya isa wurin bayan shekaru masu yawa, ƙasusuwan sun sha rana da iska, awonsa jifa da dutse ne, bayanin dalilin kuma daga bakin mutanen wurin ya ji shi. Rana tana amfanar ƙashi ta hanyar bitamin D da fata ke sarrafawa, jini kuma ya kai amfanin ga dukkan jiki, ba ya zaɓar kai.

Ga Gobero a hamadar Tenere ta Nijar, maƙabartar da Paul Sereno ya gano a 2000, mai kaburbura wajen 200. Mutanen farko da aka binne a can dogaye ne masu kaurin ƙashi, waɗanda suka zo bayan shekara dubu kuwa gajeru ne marasa kauri. Wuri ɗaya, rana ɗaya.

Ya ce likita Grafton Elliot Smith a 1907 ya ga ƙoƙunan Misirawan dā sun lotsa, ya danganta hakan ga hular gashi mai nauyi da manyansu ke sawa.

Muka ce: lotsawar gaskiya ce, dalilin ne zato. Ƙoƙon kai hawa uku ne: bangon waje, soso mai ɓargo a tsakiya, da bangon ciki. A wannan larura, bangon waje da soson ne ke zaizayewa a gefe biyu na saman kai, dama da hagu daidai, bangon ciki ya saura. Har yau likitoci suna ganinta a hoton ƙashi, a ƙasa da mutum 1 cikin 100, galibi tsofaffi, kuma mata sun fi yawa. Tsofaffin da ake gani da ita yau ba su taɓa sa hular Fir'auna ba. In kuwa nauyi ne, jarkar ruwa mai lita 20 da matanmu ke ɗorawa bisa gammo kilo 20 ce, balle masu dakon kaya a Tsamiya da Lolo. Wace hula ce ta kai wannan? Inda dako ke yin ɓarna an san shi, wuya ne da gadon baya.

Abin da malam ya tsallake shi ya fi shafar mu. Ƙarancin jini mai tsanani tun yarinta, irin na sikila, yana sa ɓargon tsakiya ya kumbura don ƙara yin jini, bangon waje ya sirance har ya yi 'yan huji. Ƙasa ma tana cin ƙashi bayan binnewa, musamman mai tsami da danshi. Duk wanda ya ɗauki tsohon ƙoƙo, ko a Birnin Lafiya ta Binin ne, inda Anne Haour ta jagoranci haƙa, sai ya fara tantance shekarun mamacin, jinsinsa, lafiyar jininsa da irin ƙasar da ya kwanta a ciki, kafin ya waiwayi abin da ya sa a ka.