Taktsang ba ɗakin ɗaukar hoto ba ne

A ƙasar Butan, a jikin wani dutse da ya ɗara kwarin Paro da kusan mita 900, akwai gidan ibadar mabiya addinin Buda mai suna Taktsang, wato Sheƙar Damisa. An gina shi a 1692, a bakin kogon da suka yi imani cewa malaminsu Guru Rinpoche ya yi halwa a ƙarni na takwas. Gobara ta ci shi a 1998, aka sake gina shi, aka kammala a 2005.

Wasu masu yawon buɗe ido na ƙorafin cewa ana karɓe waya da kyamara a ƙofa, ana tilasta cire takalmi, ga kuma dala 100 da gwamnati ke karɓa daga yawancin baƙi a kowane dare. Sun ce ƙwara ce.

Ban yarda ba. Mutumin da ya kwashe awa biyu zuwa uku yana hawan dutse, amma babban baƙin cikinsa shi ne bai samu hoto ba, bai san inda ya je ba. Wurin nan masu ibada ne ke zaune a cikinsa, kuma ibadarsu ba wasan kwaikwayo ba ce.

Gaskiya ne, kuɗin yana hana mai ƙaramin ƙarfi zuwa, kuma wannan abin dubawa ne. Amma ginin da ke maƙale a jikin dutse ba zai jure wa cunkoso ba. Baƙo raɓa ne. Idan ya tafi, masu gida ke zama da ɓarnar da ya bari.