Dabarar Raba-Biyu da Matsayinta a Darasin Ƙamus

Akwai ɗaliban da kan kammala sakandare ba su iya neman kalma a cikin ƙamus ba. Sukan buɗe shi daga farko, su yi ta juya shafuka har su gaji su ajiye. Wannan gazawa ta malami ce kafin ta zama ta ɗalibi, domin neman kalma yana da ƙa'ida, kuma ita ce masana kwamfuta ke kira dabarar raba-biyu.

Yadda dabarar take shi ne, mai nema ya fara duba tsakiyar jerin da ke gabansa. Idan abin da yake nema na nan, an gama. Idan kuwa ya riga na tsakiya zuwa a jerin abacada, sai ya watsar da rabin ƙarshe baki ɗaya. Idan yana bayansa, ya watsar da rabin farko. Haka zai ci gaba da raba abin da ya saura har ya dace, ko jerin ya ƙare. Kowane dubawa na rage rabin aiki, saboda haka jeri mai kalmomi 1,000 ba ya buƙatar dubawa fiye da sau 10, mai 40,000 sau 16, mai 1,000,000 kuwa sau 20 kacal. John Mauchly ne ya fara bayyana dabarar ga masana kwamfuta a Amurka a shekarar 1946, amma duk wanda ya taɓa buɗe ƙamusun Bargery na 1934 daga tsakiya ya riga ya yi amfani da ruhinta.

Sai dai dabarar na da sharaɗi guda wanda ba ta yafewa: dole jerin ya kasance a tsare, kuma mai tsarawa da mai nema su yi tarayya a kan tsari ɗaya. A nan ne abin ya shafi malamin Hausa kai tsaye, saboda haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ.

A ɗauki sunayen garuruwa bakwai na Jihar Katsina bisa abacadar Hausa: Bindawa, Daura, Ingawa, Kankiya, Kusada, Ƙofa, Mani. Mai neman Ƙofa zai fara da Kankiya, ya watsar da ita da ukun da ke gabanta, sannan ya duba tsakiyar ukun da suka rage, ya iske Ƙofa a dubawa ta biyu. To amma a tsarin lambobin Unicode, lambar harafin Ƙ ta fi ta Z girma. Manhajar da ta jera sunaye bisa waɗannan lambobi kawai za ta jefa Ƙofa can ƙarshe, bayan Mani. Mai nema da ke bin abacadar Hausa zai faɗa kan Mani a dubawa ta biyu, ya koma baya tunda ƙ na gaban m, ya tarar da Kusada ita kaɗai, ya yanke hukuncin cewa babu Ƙofa a jerin, alhali kuwa tana nan. Wanda ya yar da lanƙwasar ya rubuta Kofa shi ma ya sauya tsarin, ya kuma sauya ma'ana. Abin da ya sami sunan gari zai iya samun sunan ɗalibi a jerin sakamakon jarrabawa.

Wasu malamai na ganin cewa wayar hannu ta raba yara da wannan wahala. Wannan ra'ayi bai yi la'akari da makarantun karkara irin na yankin Kusada da Kankiya ba, inda littafi ya fi waya saukin samu a aji. Bugu da ƙari, yaron da bai san inda ƙ take zaune ba, da wuya ya lura idan na'ura ta ɓatar da ita.

Ya kamata ɗalibin malanta ya tafi koyarwar gwaji da wannan darasi a hannunsa. Ya rubuta kalmomi 15 a kan kati, ya jera su a kife, ya nemi yara su gano ɗaya cikin buɗewa huɗu. Kafin ya kawo Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ko wani ƙamus gaban aji, ya fara tantance inda aka ajiye ƙ da sh da ts a cikinsa, ya rubuta wannan tsari a allo.